Yadda Fenti Ya Haifar wa Amurka Gandun Yellowstone

Tun farkon ƙarni na 19 mafarauta ke dawowa daga tsaunukan yammacin Amurka da labarin wani wuri da ruwan zafi ke tsartuwa sama daga ƙarƙashin ƙasa, taɓo kuma na tafasa kamar talge a tukunya. Mutanen biranen gabas suka ce zuƙi-ta-malle ce kawai.

A 1871 masanin duwatsu Ferdinand Hayden ya ja tawagar gwamnati zuwa can. A cikinta akwai mai ɗaukar hoto William Henry Jackson da wani mai zane haifaffen Ingila, Thomas Moran. Hotunan Jackson baƙi da fari ne; sun dai tabbatar wurin yana nan. Launin kuwa sai a fentin Moran: bangon kwazazzabo ruwan ɗorawa da ja-ja, farin tururi, kogi na zubowa daga ƙololuwa. Aka baza ayyukan mutanen biyu a gaban 'yan majalisa a Washington, ranar 1 ga Maris 1872 Shugaba Ulysses Grant ya sa hannu kan doka, Yellowstone ya zama gandun ƙasa na farko a Amurka. A shekarar kuma majalisa ta sayi babban zanen Moran na kwazazzabon kan dala 10,000.

Dama an share masa fage. Tun 1825 Thomas Cole ke zana dazuzzukan kogin Hudson, Amurkawa kuma, da ba su da tsofaffin fadoji da majami'u irin na Turai, suka rungumi daji a matsayin abin tinƙahonsu.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Jay Cooke, attajirin da ke bayan layin dogon Northern Pacific, yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin tafiyar Moran, shi kuwa fasinjoji yake hange. Zanen ma ba abin da ido zai gani daga wuri guda ba ne. Moran ya harhaɗa kusurwoyi daban-daban ne ya fitar da abin da zai burge.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanen. Ƙasar da aka nuna kamar ba kowa, 'yan asali irin su Shoshone da Crow da Bannock sun daɗe suna farauta da zirga-zirga a cikinta. Ba a cika shekara goma da kafa gandun ba aka kwashe Shoshonawan da ke zaune ciki zuwa keɓaɓɓun yankuna, ƙasar ta koma yadda aka zana ta.

Shi ko Moran, wani tsauni a jerin duwatsun Teton, kudu da gandun, sunansa yake amsawa har yau.