Daga Filin Jirgin Malam Aminu Zuwa Gaya: Tarihin Dogon Da Ya Kauce Mana

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya da rikicin kishiyoyi gefe guda, zan taɓo muku tarihi, domin akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, jirgin sama ya fara sauka a 1925, tsakanin tashar reluwe da filin jirgin sama ko kilomita 10 babu. To me ya sa shekara da shekaru ba a taɓa haɗa su ba? Me ya sa baƙon da ya sauka a Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano bai taɓa samun tarago ya hau zuwa Fagge ko Nasarawa ba, balle mu mutanen Gaya da Ajingi?

Duk wanda ya taɓa zuwa tarbar alhaji ya san yadda abin yake. Mutum ya taso daga Jidda ya iso Kano cikin awa biyar ko ƙasa da haka, amma daga nan sai a shiga cinikin tasi ko a-daidaita-sahu zuwa tashar Unguwa Uku, a zauna jiran mota ta cika, a bi ta Mariri, a haye gadar Wudil, sannan a shigo Gaya. Mutumin Ajingi kuwa da sauran tafiya a gabansa. Wani lokacin wannan 'yar tafiya da ba ta fi kilomita 60 da 'yan kai ba ta fi ƙetare Bahar Maliya gajiyarwa. Amsar da na samu a tarihi ita ce, tun asali ba don mutane aka shimfiɗa dogon ba, don kaya aka yi shi.

Bari mu koma baya. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan dogo ne, ya sa aka fara shimfiɗa layi daga Baro a bakin kogin Kwara zuwa Kano. Ƙarfen ya iso birni a 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Talakawa ne suka yi aikin da diga da kwando, da yawansu ba da son ransu ba, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi Waƙar Diga a kan wannan zamani. Burin Turawa shi ne su kwashi auduga zuwa masaƙun Ingila. Sai manoman ƙasar Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, ga shi in farashi ya faɗi ana iya cin ta, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Fataken goro irin su Alhassan Ɗantata suka shiga sayen ta, cikin ɗan lokaci gyaɗa ta mamaye tashar. Dalar gyaɗar nan da muke alfahari da hotonta, ai tara ta aka riƙa yi saboda jirgin ya kasa kwashe ta a kan lokaci.

Da gyaɗa ta yi albarka sai aka miƙa reshe zuwa gabas, ya isa Nguru a 1930. Ya bi ta Jogana da Zakirai da Ringim da Malam Madori, wato ya ratsa ta arewa da mu, ya bar Ajingi da Gaya a kudu. Kakanninmu su ne masu noman, amma sai sun ɗora buhu a kan jaki, daga baya a kan akori-kura, kafin su ga tasha. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, labarin da muka gada ya ce maƙeran Gaya, wato Abagayawa, su ne suka fara zama a gindin Dala don neman tama. Garin da ya kai wa Kano sana'ar ƙarfe, shi ne hanyar ƙarfe ta kauce wa.

Shi ma jirgin sama da tasa manufar ya zo. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarki Usman, jiragen sojan Ingila guda uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, su ne na farko da suka taɓa sauka a Nijeriya. A 1936 aka fara jigilar fasinja da wasiƙu, Kano ta zama zango ga jiragen da ke ƙetare Sahara tsakanin Turai da kudancin Afirka. Fasinjan wancan lokaci Bature ne, mota na jiran sa a bakin fili, ba ruwansa da tarago. Dogo yana kallon teku, filin jirgi yana kallon Landan, kowanne ya juya wa ɗan'uwansa baya. Ko da jirgin sama ya zama na alhazai daga shekarun 1950, aka daina tafiyar ƙasa ta Chadi da Sudan mai cin shekaru, ba wanda ya waiwayi wannan giɓi. Daga baya fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka kashe dala, kuɗin fetur ya kawo kwalta da tirela, reluwe ta shiga dogon suma.

Kada mai karatu ya ɗauka abin da nake faɗa mafarkin marubuci ne. Masu zuwa Umara sun ga jirgin Haramaini da Saudiyya ta buɗe a 2018, mai tsawon kilomita 450 tsakanin Makka da Madina, wanda ke da tasha a cikin filin jirgin Jidda. Ka sauko daga sama, ka ja jakarka, ka shiga tarago, kafin awa guda kana Makka. A nan gida ma an yi. A watan Yuli 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe jirgin cikin gari na Abuja, wanda ke tashi daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe ya bi ta Idu ya shiga tsakiyar birni. A Idu kuma mutum na iya sauya jirgi ya kama na Kaduna, wanda aka buɗe a 2016.

Sai dai labarin Abuja akwai darasi a ciki. An ba da kwangilar tun 2007, aka shekara 11 kafin a buɗe. Bai cika shekara biyu yana aiki ba annobar korona ta tsayar da shi a 2020, ya yi shekara huɗu a ajiye, ɓarayi suna sace wayoyi da kayan aiki, sai a watan Mayu 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe shi. Babbar matsalarsa tun farko ita ce, tashoshi da dama an gina su a daji, babu titin kirki da zai kai mutum can, sai da aka dawo aka yi titunan daga baya. An gina rijiya, an manta da guga.

To ina ruwan Gaya da wannan? A watan Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 284, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ne ya karɓi aikin. A tsarin da aka bayyana akwai ƙaramar tasha a filin jirgin saman Kano, akwai kuma reshe mai kimanin kilomita 93 daga Kano zuwa Dutse, wanda zai ratsa ƙasar Gaya. Ga shi an zana filin jirgi da ƙasarmu a kan layi ɗaya. Shi ya sa na ce maganar tamu ce, ba ta mutanen birni kaɗai ba.

Amma fa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. A 2016 ma an sanar da mu za a yi jirgin cikin gari a Kano, aka yi ta murna, shekaru suka shuɗe maganar tana kan takarda. Kuma ko ƙarfe ya iso, tarihi ya nuna mana ƙarfe kaɗai ba ya ɗaukar mutum. Abu uku nake so mu riƙa tambayar wakilanmu da hakimanmu tun yanzu. Na farko, a ina tashar za ta zauna, kuma akwai titi daga cikin gari da kuma daga Ajingi zuwa bakinta? Na biyu, jirgin fasinja sau nawa zai tsaya a rana, ko kuwa na kaya ne zai riƙa wucewa yana yi mana hon muna ɗaga masa hannu? Na uku, kuɗin tikiti zai yi daidai da aljihun mai kai awaki kasuwar Wudil ranar Juma'a, da ɗalibi, da mai jinyar da za a kai asibiti a birni? Haka kuma manoman da layin ya ci gonakinsu, haƙƙinsu ne a biya su diyya cikakkiya, kada a maimaita zamanin diga.

Kakanninmu ba a tambaye su ba lokacin da aka ja layin Nguru, domin a idon masu mulkin wancan zamani buhun gyaɗa ya fi mai noman sa daraja. Mu kuwa muna da baki, muna da ƙuri'a, muna da alƙalami. In muka yi shiru aka sake shimfiɗa dogo don kaya kawai, ba mu da Baturen da za mu ɗora wa laifi.

Nan zan dakata. Allah Ya nuna mana ranar da alhajin Ajingi zai sauka a Kano da azahar, ya yi la'asar a ƙofar gidansa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.