Labarin Soyayya Tsohon Fasinja Ne a Hanyar Gwanja

 Ga abin da muka tattauna a filinmu na tarihi.

A ce ka dawo daga kasuwar Aboabo da yamma, ka iske tuwo yana ƙauri, 'yarka kuwa ta lafe a lungu da ɗan littafi mai hoton budurwa a bango, ko ta manna waya a kunne ana karanta mata labari, tana ta murmushi ita kaɗai. Ranka ya ɓaci, ka ce ga abin da ke lalata yaran zamani. To malam, kafin ka fizge ka jefa a murhu, zauna mu bi salsalar abin. Kai da kanka ba ka yi wa saniya kuɗi sai ka duba haƙoranta.

Tun Tamale ba ta zama gari babba ba, Salaga ce uwar kasuwa a ƙasar Gwanja. Fatake su taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni a hanya, su koma da goro. Duk inda aka yada zango, in an ɗaure dabbobi an ci abinci, sai hira. A nan ake jin labarin bafataken da ya bar amarya a gida ya dawo ya tarar da abin mamaki, da na kwarton da ya ɓuya a rumbu. Ana dariya, ana kuma ɗaukar darasi.

A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, mutanenta suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da sauran zangogi. Tamale kuwa sai a 1907 Turawa suka mai da ita hedikwatar arewa. Cikin waɗanda suka bar Salaga akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya zama limami a Kete Krachi, ya rasu a 1934. Kowa ya san shi da waƙoƙin wa'azi da na zuwan Nasara. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ya mayar da waƙar Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa. Shi wannan mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, bayan doki da raƙumi da ruwan sama, babu abin da ya fi siffantawa kamar mata da ziyarar dare. Malamai suna karanta shi don sanin lugga, kuma liman guda bai ga ya zubar da rawaninsa ba don ya fassara shi.

A nan ƙasar dai, wani Malam Shaihu ya rubuta tatsuniyoyi da ajami, Bature Rattray ya buga su a 1913. A 1924 kuma Frank Edgar ya fitar da Dare Dubu da Ɗaya da Hausa, labaran sarakunan da da 'yan matan fada da masu wayo. Duk wanda ya taɓa karanta shi a zaure ya san akwai wuraren da sai ka rage murya in da yara a kusa.

Ƙagaggen labari na boko kuwa ya samo tushe daga gasar da ofishin fassara na Zariya ya shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East. Dubi yadda littattafan gasar suka raba gado. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya ɗauki ban dariya, Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta yi wa juna tsiya daga gari zuwa gari. Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa suka ɗauki tarihi, ɗaya yaƙi da Turawa, ɗaya cinikin bayi ta hamada da uwar da ta bi sawun ɗanta. Jiki Magayi na John Tafida da East shi ya ɗauki soyayya: Abubakar yana son Zainabu, mai kuɗi ya ƙwace ta, ramuwar gayya ta cinye kowa. Ka ga ke nan tun ranar farko soyayya da dariya da tarihi tare suka shigo.

Ku mutanen ruga, ku saurari wannan. Littafin da ake cewa shi ya buɗe wa mata ƙofa shi ne So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980. Tauraruwarsa Boɗaɗo Bafulatana ce da ta so Yasir, wanda ba Bafulatani ba, dangi suka ce ba su san zance ba. Wannan rigima ai har gobe ana yin ta, tsakanin ruga da zango, tsakanin Bahaushe da Badagombe.

Daga tsakiyar shekarun 1980, da tattalin arzikin Najeriya ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, a takarda mai araha, kashi-kashi, na ɗaya ya tsaya a inda sai ka sayi na biyu. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Janar Murtala Muhammad, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aura wa tsoho, ta gudu, ta yi karatu. A 1991 Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, inda Sumayya 'yar masu kuɗi ta faɗa rijiya don an hana ta talaka Muhammad. Bilkisu Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa, salonta cike da ado da turare da girki da yadda mace ke riƙe miji. Irin waɗannan ne suka bi motocin kaya suka tsallaka iyakoki, cikin ɗaurin atamfa, har zangoginmu.

Ba a bar su sun sha ruwa ba. Wasu masana suka raɗa musu suna adabin kasuwar Kano, wai kayan kasuwa ne kamar tumatir. Aka kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Kano a 2001, a 2007 kuma, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, aka ƙona tarin littattafan a wata makarantar 'yan mata. Wutar ba ta kashe labari ba, sai ya koma cikin waya, inda babu mai tacewa. Gaskiya a faɗe ta, a can akwai batsa tsagwaronta, wadda ba ta da alaƙa da hikimar magabata. Su magabata sukan siffanta ƙamshi da lalle da kallon ƙasan ido, in an zo bakin ƙofar ɗaki su saki labule.

To ta yaya za ka bambance? Kada ka ƙona abin da ba ka ji ba. Ce wa yarinyar ta karanta maka shafi biyar, ko mahaifiyarta ta saurara tare da ita. In batsa ce, za ka gane tun ba a je ko'ina ba. In kuwa labarin auren dole ne ko na kishiya, wataƙila abin da ke cin ranta ne ta kasa faɗa maka saboda kunya. Yarinya da yawa ma ta wannan hanya suka iya karatun Hausar boko, a ƙasar da makaranta ke koyar da Turanci da Dagbanci.

Sauran magana gare ku masu alƙalami. Marubutan Kano sun cika littattafansu da manyan motoci da gidajen bene, ga hanyar Gwanja nan tana jiran mai rubuta ta: madugu da 'yar mai masauki a Salaga, makiyayi da mai tallan fura, iyalan da dokar korar baƙi ta Busia ta raba a 1969. Tsofaffin da suka ga wannan kora da idonsu suna nan a Aboabo, suna zaune a inuwa bayan la'asar. Ku kai musu goro, ku tambaye su tun suna da rai.

Sai mun haɗu a filin mako mai zuwa. Allah ya kiyaye hanya, ya albarkaci garke.