Yadda Amfanin Gonar Jazira Ya Ba Sinadarai Suna

Gabatarwa

A al'adar Bahaushe mutum yakan amsa suna iri biyu, na yanka da na laƙabi. Laƙabi kan nuna ranar da aka haifi mutum ko garin da ya fito, kamar Ɗanladi ko Ɗankano, amma ba ya faɗin halinsa. Haka abin yake ga sinadarai masu kabon, waɗanda ake karantawa a ajin kimiyya na makarantun sakandare. Da yawansu suna da laƙabin da ke nuna tsiron da aka fara samun su a cikinsa, suna kuma da sunan ƙa'ida mai bayyana yadda aka gina su. Tarihin waɗannan sunaye ya ratsa ta gonakin da Hausawan Sudan suka daɗe suna nomawa a Jazira da bakin Shuɗin Nilu.

Hausawa a Bakin Shuɗin Nilu

Tun da daɗewa mahajjatan ƙasar Hausa suke ratsa Sudan a ƙafa kan hanyarsu ta zuwa Makka, wasu kuma sukan yada zango su zauna. Yawansu ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu a fafatawa da Turawan Ingila. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a, Fulani da Hausawa, zuwa gabas, har suka kafa garin da ke amsa sunansa a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban shirin noman rani na Jazira, tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu. Mutanen Afirka ta Yamma suka zama cikin manyan 'yan ƙwadagon shirin, musamman wajen tsinkar auduga, suna kuma noma dawa don ci. Daga baya gyaɗa da alkama suka shiga tsarin noman.

Zamanin Laƙabi

A ƙarni na 19 masana kimiyyar Turai sukan raɗa wa sabon sinadari suna daga abin da suka tatso shi. Daga ƙaro, wanda Sudan ta yi fice wajen fitar da shi kuma Turawa suke jingina shi ga Larabawa, aka samu wani nau'in sukari da aka kira arabinos. Daga man gyaɗa aka samu asid ɗin arakidik, domin Arachis ne sunan gyaɗa a wurin masana tsirrai. A 1899 Leon Marchlewski ya raɗa wa wani sinadari mai ruwan ɗorawa da ke cikin angurya suna gosifol, daga Gossypium, sunan auduga.

Labarin dawa ya fi na sauran jan hankali. Makiyayi ya daɗe da sanin cewa ɗanyen tsiron dawa da gyauronta suna iya kashe dabba. A 1902, shekara guda kafin Burmi, Wyndham Dunstan da Thomas Henry suka bayyana dalilin haka a Landan, bayan sun binciki tsiron dawa daga Masar. Sun gano sinadarin da ke sakin gubar sayanaid idan dabba ta tauna ganyen, suka kira shi durrin, daga zurra ko dura, sunan dawa a bakin Larabawan Masar da Sudan.

A nan ne raunin laƙabi ya fito fili. Sunan durrin ya faɗi cewa daga dawa abin ya fito, amma bai faɗi komai game da hatsarinsa ba. Hatsarin yana cikin wani ɗan ƙulli na kabon guda da naitirojin guda da ke maƙale a jikinsa. Irin wannan ƙulli shi ake kira gungun aiki, wato 'yan ƙwayoyin zarra da ke haɗe wuri ɗaya, waɗanda su ne ke ba sinadari ɗabi'arsa. Wanda ya gane gungun ya gane abin da sinadarin zai iya yi, ko da bai taɓa jin laƙabinsa ba.

Taron Janiba da Sunan Ƙa'ida

Da sinadaran da aka sani suka kai dubbai, sai laƙabi ya gagari hadda, abu ɗaya ma yakan amsa suna biyu ko uku. A 1892 masana daga ƙasashe tara suka taru a Janiba ta ƙasar Suwizalan, ƙarƙashin jagorancin Charles Friedel na Faransa, suka amince da tsarin da zai sa suna ya bayyana gini. Ƙungiyar IUPAC, wadda aka kafa a 1919, ita ta gaji aikin, aka kuma faɗaɗa ƙa'idojin a taron Liyej na 1930.

Ɗalibin da ya karanta ƙirar kalma a Hausa ba zai ga baƙon abu a tsarin ba, domin saiwa ce da ɗafi. Saiwa tana faɗin yawan kabon da ke cikin sarƙa mafi tsawo: met- ɗaya, et- biyu, purop- uku, but- huɗu. Daga biyar sai a koma ga ƙirgen Girkanci da Latin, kamar pent- biyar da heks- shida. Ɗafa-ƙeya kuwa tana faɗin gungun aiki. Idan kabon da haidirojin ne kaɗai, masu ɗauri guda-guda, sai a ce -an, kamar etan. Idan akwai oksijin riƙe da haidirojin, sai a ƙara -ol, a samu etanol. Dangin aldihaid suna ɗaukar -al, dangin keton suna ɗaukar -on, asid kuma -oyik. Ɗafa-goshi tana faɗin rassan da ke rataye a jikin sarƙar, lamba kuma ta nuna gurbin kowane reshe. Da wannan tsari arakidik ya koma asid ɗin ikosanoyik, wato mai kabon 20. Gyaɗa ta fita daga sunan, gini ya shiga.

Duk da haka tsohon zamani bai gushe gaba ɗaya ba. Saiwar but- ta samo asali daga kalmar man shanu ta Latin, domin a cikinsa Michel Chevreul ya samu asid mai kabon huɗu. Gosifol kuwa rabi laƙabi ne, rabi ƙa'ida. Ƙarshensa na -ol ya yi daidai, tunda yana ɗauke da gungun oksijin da haidirojin har shida, amma ya ɓoye gungun aldihaid biyu da ke jikinsa. Wannan sinadari ne ya sa dusar angurya ke cutar da kaji da 'yan maruƙa fiye da manyan shanu.

Suna Ya Dawo Gona

Daga tsakiyar shekarun 1940 aka fara feshin DDT a gonakin audugar Jazira don kashe ƙwari. Haruffan uku taƙaitawa ce ta dogon suna, daikuloro-daifenil-tiraikuloro-etan. Mai karanta shi a tsanake zai tarar da sarƙar kabon biyu, zoben fenil biyu, da kulorin biyar, biyu a kan zobba, uku a kan sarƙa. Ɗaurin kabon da kulorin ba ya saurin warwarewa, shi ya sa maganin ke daɗewa a ƙasa, yana taruwa a kitsen dabba da mutum. Ga ɗan manomin da ke zaune a bakin magudanar ruwa, iya karanta irin wannan suna a jikin galan ya wuce batun cin jarrabawa.

Tun 1965 aka fara mayar da koyarwar sakandaren Sudan daga Ingilishi zuwa Larabci, don haka yaron da ke jin Hausa a gida da Larabci yake koyon waɗannan sunaye. A ciki kuwa akwai tsohon bashin da Turai ta ci daga Larabci. Kalmar alkohol ta fito daga al-kuhl, wato kwalli, kuma wutsiyarta ce ta zama -ol. A 1835 Justus von Liebig ya ƙirƙiri kalmar aldihaid ta hanyar taƙaita jimlar Latin mai nufin alkohol da aka cire wa haidirojin, daga nan aka samu -al. Wannan -al ɗin ba wani ba ne illa alif da lam na Larabci, wanda ya bar goshin kalma ya koma ƙeyarta.

Kammalawa

Laƙabi ya adana tarihin gona, domin da arabinos da gosifol da durrin ake tuna ƙaro da auduga da dawa. Sunan ƙa'ida kuma ya ba ɗalibi mabuɗin gane sinadarin da bai taɓa gani ba. Mai son samar da kalmomin kimiyya a Hausa yana da darasi a nan: saiwa da ɗafin Janiba a bar su yadda suke, a daidaita su da furucin Hausa kawai, domin in aka fassara su ɗaya bayan ɗaya tsarin zai watse. Inda Hausa za ta yi aikinta shi ne wurin bayani, kuma kayan bayanin suna nan a hannunta tun da can, daga ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya na ajin nahawu zuwa gyauron dawa da makiyayi ke kore dabbarsa daga kai.