Ranar da Matan Oloko Suka Karɓe Hular Sarki

Wata rana a cikin watan Nuwamba na 1929, wata mata mai suna Nwanyeruwa tana aikin manja a gidanta da ke Oloko, a cikin Jihar Abiya ta yanzu, sai ga wani malamin makaranta, Mark Emeruwa, ya shigo. Sarki Okugo ne ya aiko shi ƙidaya, shi kuma Okugo umarnin Di'o yake bi. Emeruwa ya ce ta ƙirga masa awakinta da tumakinta da mutanen gidan. Ita kuwa ta tambaye shi ko an taɓa ƙirga uwarsa. Magana ta yi zafi har suka cakumi juna. Tana kuɓucewa ta nufi inda mata ke taro, ta shaida musu cewa abin da ake raɗe-raɗi ya tabbata, za a ɗora wa mata haraji.

Matan suna da hujjar tsoro. An ƙirga mazajensu a shekarun baya, ba a fito an gaya musu dalili ba, sai ga haraji ya biyo baya a 1928. Ga farashin manja ya faɗi, kuma a gidaje da yawa da kuɗin cinikin mata ake cika na miji. Nan take suka aika da ganyen kwakwar manja zuwa ƙauyukan maƙwabta. Duk wadda ta karɓi ganyen ta san kira ne, kuma wajibinta ne ta miƙa shi gaba.

Kafin a fahimci abin da ya biyo baya, sai an san yadda Ibo ke mulkin kansu kafin zuwan Turawa. Suna da wata magana, Igbo enwe eze, wato Ibo ba su da sarki. Ba ko'ina take gaskiya ba, don Onitsha da Nri suna da sarakunansu tun da daɗewa, amma a yawancin ƙasar ƙauye ne ke riƙe da kansa. Ƙaramar rigima tana ƙarewa a gaban umunna, dangin da suka haɗa kaka ta wajen uba, inda babbansu ke riƙe da ofo, sandar da ake rantsuwa da ita. Babbar magana kuwa sai a dandali, inda kowane magidanci yake da bakin magana. In an gama musu, dattawa su keɓe su yi shawara, su dawo su faɗi abin da suka yanke. In taro ya ƙi, maganar ba ta zauna ba. Ƙungiyoyin sa'anni su ne masu gyaran hanya da karɓo tara. Laifi irin su kisan kai da satar doya ana ɗaukarsu saɓo ne ga Ala, uwar ƙasa a addininsu na da, saboda haka ba a gama da su sai an tsarkake ƙasa.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna ce. Ana jefar da tagwaye a daji, akwai osu da ake ƙyamar aure da su, kuma tsafin Arochukwu da ake kai wa manyan ƙararraki ya sha mayar da masu shari'a bayi. Amma tsari ne mai dokoki, kuma kowa ya san inda ikon wani ya tsaya.

Mata ma suna da nasu ikon, kuma shi ne Turawa ba su gani ba sam. Akwai umuada, 'ya'yan gari mata da suka yi aure a wasu ƙauyuka, waɗanda in suka dawo gida sasanta rigima ba a ja da su. Akwai kuma taron matan aure, mai kafa dokar kasuwa da ta gonaki. Namijin da ya addabi matarsa da duka, ko ya saki dabbobinsa suka cinye shukar mata, aka yi masa magana ya ƙi ji, sai a yi masa abin da suke kira zama a kan mutum. Mata su cika gidansa, fuska shafe da gawayi ko toka, suna rawa, suna waƙar tona masa asiri har da taɓa mazakutarsa, suna dukan bangon ɗakinsa da taɓare. Ba sa tashi sai ya tuba. In ya yi taurin kai, a rushe ɗakin. Sauran maza ba sa shiga, domin kowa ya san hukunci ne.

Turawa sun zo suna neman mutum guda da za su riƙe a kowane gari. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 suka fara kafa kotunan gargajiya, suna ba wasu mutane takardar waranti da hula, suna ce musu sarakuna. Wani lokaci an dace da dattijon kirki. Sau da yawa kuwa wanda ya fi rawar kai ne ya samu, ko wanda gari ya tura gaba don ana zaton Bature kashe shi zai yi ko ya tafi da shi. Da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, sai ya zo da abin da ya saba a Kano da Sakkwato, inda ya tarar da sarki da alƙali da haraji a shirye. Ya janye Di'o-Di'o daga shugabantar waɗannan kotuna, sai fili ya zama na sarakunan waranti da akawun kotu da masinjoji. Mutumin da jiya yake ɗaya daga cikin masu magana a dandali, yau shi ke ɗebo mutane aikin tilas, yana yanke hukunci yana karɓar toshiya, kuma babu taron da zai iya tsige shi.

Saboda haka matan Oloko suka zauna a kan Okugo. Suka bi shi har ofishin gunduma a Bende, suka ƙi watsewa sai da aka miƙa musu hularsa. Aka gurfanar da shi, aka ɗaure shi shekara 2. Labari ya bazu cewa ana iya karɓe hula, kafin tsakiyar Disamba abin ya game lardunan Owerri da Calabar, matan Ibibio da Ogoni da Andoni suka shiga. Dubban mata suka far wa kotuna, suka rushe wasu, suka ƙone wasu, suka buɗe gidajen yari. A Aba an fasa kantunan Turawa.

A ganina babban shaidar cewa shari'a matan suke yi ita ce ba su kashe ko mutum ɗaya ba. Abin da ake yi wa ɗakin mai laifi shi suka yi wa kotu. Turawa kuwa ba su san wannan doka ba, suka ga taron mata da gawayi a fuska da sanduna a hannu, suka buɗe wuta a Abak da Utu Etim Ekpo da Opobo. Mata fiye da 50 suka mutu. A takardun gwamnati aka rubuta abin da sunan Tarzomar Aba, sunan da ko mata bai ambata ba. Ibo suna ce masa Ogu Umunwanyi, Yaƙin Mata.

Kwamitin bincike ya zauna a 1930, da lauyoyi biyu 'yan Legas a ciki, Kitoyi Ajasa da Eric Moore, kuma mata sun zo sun ba da shaida da bakinsu. Sai a lokacin gwamnati ta tashi tambayar yadda mutanen nan suke mulkin kansu, bayan shekara kusan 30 tana mulkinsu. Aka sa jami'ai rubuta rahoto ƙauye-ƙauye, aka ɗauko C. K. Meek, wanda ya yi nazarin ƙabilun Arewa, aka tura shi ƙasar Ibo. A 1933, zamanin Gwamna Donald Cameron, aka sauya tsarin waranti da majalisun dattawa masu zama da yawa a kan benci guda. Ba a ɗora wa mata haraji ba a wancan lokacin.

Sai dai majalisun da aka farfaɗo da su kusan duk na maza ne. Masu gyaran sun nemi mai riƙe da ofo sun same shi, ba su nemi taron matan aure ba. Sabon tsarin ya kuma ƙarfafa dokar da ta ce kotu ce kaɗai ke hukunta mai laifi, don haka zama a kan mutum ya koma laifi da ake kama mata a kai. Matar da aka cinye wa shuka, wadda a da za ta tara 'yan uwanta da taɓarensu a gama magana kafin dare, yanzu sai ta nemi kuɗin sammaci ta kai ƙara gaban dattawa maza.