Tebur a Kan Dogo: Nazarin Injinan Jigilar Teburan Gurza a Masana'antar Gilashi

Kafin shekarar 1959, duk wani faffaɗan gilashi mai daraja, irin wanda ake yin babban madubi da shi ko a kafa a gaban kanti, sai an gurje fuskokinsa biyu da yashi da ruwa, sannan a goge su har su yi sheƙi. Masu ba da tarihin wannan sana'a sun fi son tsayawa a bakin tanderu, inda wuta take, inda ake kwarara narkakken gilashi. Amma fili mafi yawa a masana'antar, da ƙarfe mafi nauyi, da kaso mai tsoka na kuɗin da aka zuba, duk suna can sashen gurza. A cikin sashen kuwa, abin da ya tsara komai shi ne teburin da ake kwantar da gilashin a kai, da injinan da ke jansa, su kai shi, su daidaita shi, su dawo da shi. A ganina, wanda ya bi sauye-sauyen wannan tebur ya karanta tarihin sana'ar kusan baki ɗaya.

Asalin matsalar yana cikin yadda ake zuba gilashin. A Faransa aka fara wannan hanya wajen 1688, a wani kamfani da daga baya ya haɗe da kamfanin sarauta da minista Colbert ya kafa a 1665, wanda a ƙarshe ya ɗauki sunan ƙauyen Saint-Gobain. Ana kwarara narkakken gilashi daga tukunya a kan teburin ƙarfe, a bi ta kansa da rola mai nauyi a baje shi. Fuskar da ta taɓa tebur da wadda rola ta taɓa duk sukan fito da kaushi, haske yana wucewa amma ba a ganin abin da ke baya. Domin a samu gilashi mai kaurin milimita 6, sai an zuba wanda ya kusa ninka haka, a cinye ragowar da yashi. Wato kusan rabin abin da aka sha wahalar narkarwa yana bin ruwa ya tafi kwata.

A farkon lamari teburin gurza ba ya motsi. Falalen dutse ne, ana manna gilashin a kansa da filasta, irin farin garin nan da ake kwaɓawa a yi adon silin da shi, ma'aikata kuma su riƙa jan wani ƙaramin gilashi da aka ɗora wa nauyi a kai, yashi na tsakani. Da injin tururi ya shigo, kamar wanda aka kafa a masana'antar Ravenhead ta garin St Helens a Ingila a 1789, hannu ya huta amma tsarin bai canja ba. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka koma ga babban tebur mai da'ira na zubin ƙarfe, mai juyawa, wanda faɗinsa ya riƙa ƙaruwa har ya kai mita 10, wasu ma sun ɗara. A kansa ake sauke manyan faya-fayen ƙarfe guda biyu masu guntayen ƙarfe a ƙarƙashinsu. Tebur yana juyawa, shi yake jan faya-fayen su ma su juya, yashi da ruwa suna kwarara a tsakani.

To, me ya sa sai an motsa tebur? Me zai hana a bar shi wuri ɗaya, a kawo masa gilashi, a ɗauke idan an gama? Dalilai uku ne suka haɗu, kuma kowanne shi kaɗai ya isa.

Na farko shi ne filasta. Da zarar ta kama, gilashi da tebur sun zama abu ɗaya. Idan aka ɓamɓare gilashin bayan gurza domin a kai shi wajen guga, shimfiɗar ta lalace, kuma ba zai sake kwanciya daidai yadda ya kwanta da farko ba. Ga shi kowane ɗagawa hatsari ne, domin falle mai faɗin mita uku ko huɗu ba ya yafe kuskure. Na biyu shi ne gabar da ke tsakanin yashi da guga. Gurza takan fara da yashi mai tsauri, a riƙa sauka zuwa mai laushi. Guga kuwa ana yin ta ne da dunƙulen ulu da aka danne, tare da jan garin tsatsar ƙarfe mai laushin gaske. Ƙwayar yashi ɗaya tak idan ta maƙale a cikin ulun, za ta zana layi a kan duk gilashin da ke teburin. Saboda haka dole injin gurza ya zauna daban, injin guga daban, a wanke tebur tas a tsakaninsu. Na uku shi ne lokaci. Jera gilashi a kan tebur aiki ne na hannu mai cin lokaci, injin gurza kuwa shi ne abu mafi tsada a zauren. Ba a barin sa a tsaye ana jiran masu filasta. Dabarar ita ce tebura su fi injina yawa: ɗaya yana ƙarƙashin inji, wani ana jera masa gilashi, wani ana dubawa, wani ana sauke masa kaya.

Daga nan zauren gurza ya zama ƙaramar tashar jirgin ƙasa. Kowane tebur yana da ƙafafun ƙarfe, yana tafiya a kan dogo. Da yake abu mai faɗin mita 10 ba ya shan kwana a cikin gini, sai aka haƙa doguwar hanya ƙasa da daɓen zauren, aka sa wani faffaɗan tarago a ciki wanda yake ɗauke da guntun dogo a bayansa. Taragon yana tafiya a gicciye, ya tsaya a gaban injin da ake so, dogon bayansa ya haɗu da dogon injin baki da baki, sai a ja tebur da igiyar waya ko a tura shi ya hau ko ya sauka. Zagayen tebur ɗaya ya ƙunshi wurin jeri, injin gurza, wurin wanki da dubawa inda ake gyara filastar da ta zaizaye a tsakanin fallaye, injin guga, sannan wurin saukewa. A can ake juya gilashin a sake kwantar da shi, a maimaita tafiyar gaba ɗaya domin ɗaya fuskar.

Yana da kyau a yi ɗan lissafi a nan, domin shi zai nuna girman abin. Da'ira mai faɗin mita 10 tana da fili wajen murabba'in mita 78. Idan aka lulluɓe ta da gilashi mai kaurin milimita 12, nauyin gilashin bai wuce tan biyu da ɗan ɗori ba. Teburin da ke ɗauke da shi kuwa nauyinsa tan gomiya-gomiya ne. Kullum ana jan ƙarfe mai nauyin da ya ninka kayan da ake sarrafawa sau da yawa, kuma ba ganganci ne ya sa aka yi shi da nauyi haka ba. Tebur mara kauri zai lanƙwasa a ƙarƙashin faya-fayen, gilashin da aka gurza a kan lanƙwasasshen tebur kuwa zai fito da wannan lanƙwasa a jikinsa.

Wannan ya kawo mu ga ɓangaren da na fi ganin ya cancanci a daɗe a kansa, wato ajiye tebur a mazauninsa. Darajar irin wannan gilashi ba ta tsaya ga santsi ba. Abin da mai saye yake biya shi ne fuskoki biyu su zama shimfiɗaɗɗu, kuma su tafi kafaɗa da kafaɗa ba tare da wani gefe ya fi wani kauri ba. Idan suka saɓa, hoton da ke cikin madubi zai karkace, direba kuma zai ga hanya tana rawa. Yashi ba shi da ido, duk abin da ya taɓa yake ci. Abin da ke faɗa masa inda zai tsaya shi ne matsayin tebur a ƙarƙashin faya-fayen. Don haka idan tebur ya shiga inji, sai an raba nauyinsa da ƙafafunsa, ya zauna a kan wani ƙaƙƙarfan mazauni da ke bisa ginshiƙin da ke juya shi, ana amfani da jak mai aiki da matsin ruwa wajen wannan ɗagawa da saukewa. Dole tsakiyar tebur ta faɗa daidai kan tsakiyar ginshiƙi, dole kuma ya kwanta ba gefen da ya ɗaga. In ya kauce kaɗan, nauyi mai yawa haka yana juyawa zai girgiza injin har tushensa. In ya karkata, faya-fayen za su danne wani gefe fiye da wani, gilashi ya fito da siffar weji, ko ya fashe. Gefen teburin yana zaga mita 31 a kowane juyi ɗaya, alhali tsakiyarsa kusan a tsaye take, shi ya sa ƙaramin kuskure a tsakiya yakan girma kafin ya kai baki. Abin da ya ƙara wahalar shi ne ba tebur ɗaya ba ne da inji ɗaya. Kowane tebur sai ya dace da kowane inji a zauren, yau da gobe, cikin ruwa da laka da yashin da ke cin duk wani ƙarfe mai motsi. Injiniyoyin da suka tsara makullan da ke riƙe tarago a gaban dogo, da mazaunin da ke karɓar tebur, su ne suka riƙe ingancin gilashin a hannunsu, ko da yake ba kasafai ake jin sunayensu ba.

Da'irar kanta tana da nata haraji. Gilashi mai kusurwa huɗu ne, kuma murabba'i mafi girma da zai shiga cikin da'ira bai rufe fiye da kashi 64 cikin 100 na filinta ba. Mai jeri yakan yi irin aikin tela mai lissafin yadi: manyan fallaye a tsakiya, ƙanana a gefe, guntaye a cike ramuka, domin kada faya-fayen su faɗa gurbi su tsinke bakin gilashi.

Mota ce ta karya wannan tsari. A Amurka, a 1919 kusan kashi 10 cikin 100 na motocin da ake ƙerawa ne ke da rufaffen jiki, zuwa 1927 sun kai wajen kashi 85. Kowace rufaffiyar mota tana buƙatar gilashi ta ko'ina. Kamfanin Ford, wanda ya saba da layin haɗa mota mai tafiya, ya fara yin nasa gilashin a farkon shekarun 1920, injiniyansa Clarence Avery yana jagorantar aikin: narkakken gilashi yana fitowa daga tanderu ba yankewa, ya bi tsakanin rololi ya zama doguwar shimfiɗa. A daidai lokacin kamfanin Pilkington na St Helens, ta hannun injiniyansa F. B. Waldron, yana aiki a kan gurza mai tafiya. Sakamakon shi ne tebur ya bar juyawa. Ya koma mai kusurwa huɗu, ana haɗa shi da 'yan'uwansa kamar taragu, jerin yana tafiya a hankali a ƙarƙashin kawunan gurza masu yawa, kowane kai da irin laushin yashinsa, a wuce wanki, a shiga ƙarƙashin kawunan guga. Idan tebur ya kai ƙarshe sai a sauke gilashin, a cire shi daga jerin, a mayar da shi farko ta wani layin.

Asarar da'ira ta tafi, jiran inji ya tafi, amma matsalar daidaito ta sake kama ne kawai. A da ana daidaita tebur sau ɗaya a cikin inji. Yanzu sai ya riƙe daidaitonsa yana tafiya, a kan hanya mai tsawon gaske, kuma bakinsa ya haɗu da na maƙwabcinsa ba tudu ba kwari. Jerin ma ba ya son fizga, domin duk inda tafiyar ta yi tangarɗa, alamar za ta zauna a fuskar gilashi. Shi ya sa ake tura jerin daga baya ta hanyar giya mai cizon haƙoran da ke ƙarƙashin teburan, tebura suna matse juna ba rata. Har ila yau filasta tana nan, juya gilashi yana nan, tafiya biyu tana nan.

Mataki na gaba Pilkington ne ya ɗauke shi a 1935 a masana'antarsa ta Doncaster, da injin da ke gurza fuska biyu a lokaci guda. Doguwar shimfiɗar gilashin tana fitowa daga ramin sanyaya ba a yanka ta ba, rololi suna janta tsakanin kawunan gurza na sama da na ƙasa. Na ƙasan su ne suka maye gurbin tebur, suna tallafar gilashin suna cinsa. A wannan sashe babu filasta, babu juyawa, babu taragon mayar da tebur, kuma daidaiton fuskokin biyu ya zarce duk abin da aka taɓa samu. Wannan shi ne ƙololuwar sana'ar, kuma kamfanonin wasu ƙasashe sun sayi izinin amfani da shi. Sai dai layin ya kai tsawon ɗaruruwan mita, yana shan wutar lantarki mai yawa, yana buƙatar tulin yashi da ruwa, kuma har lokacin kusan kashi ɗaya cikin biyar na gilashin yana zama laka.

A 1952 Alastair Pilkington, wani injiniya a kamfanin Pilkington, ya fara gwada kwarara narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza. Ruwan ƙarfe da ke kwance yana daidaita kansa ba tare da jak ko dogo ba, gilashin da ke yawo a kansa yana ɗaukar wannan shimfiɗa a fuskarsa ta ƙasa, zafi kuma yana gyara ta sama. Ga shi kaurin da gilashin yake tsayawa a kai da kansa bai yi nisa da milimita 6 ba, wanda shi ne kasuwa ta fi nema. An sanar da hanyar a 1959 bayan shekaru bakwai na gwaji mai tsada. Kamfanin Pittsburgh Plate Glass na Amurka, wanda tun 1883 yake rayuwa a kan gurza da guga, shi ya fara karɓar lasisi a 1962, sauran manyan kamfanonin suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, duk da ɗimbin jarin da suka riga suka binne a layukan gurza. Kamfanin Pilkington da kansa ya daina yin gilashi ta tsohuwar hanyar a 1967.