Aikatau Mai Ɗan Rakiya a Turanci: Gudummawar da Hausa Za Ta Ba Ɗalibin Mahuta

Ɗalibin sakandare a Mahuta da ke kudancin Katsina ya san ma'anar "give", ya san ta "up". Amma da zarar an haɗa masa su a takardar WAEC ko NECO, sai ya tsaya cak yana tauna biro, domin "give up" ba bayarwa ba ce, ba kuma sama ba ce. Saduda ce, ko daina wani abu. Turanci cike yake da irin wannan aikatau mai tafe da ɗan rakiya, har masu rubuta ƙamus Cowie da Mackin suka ware masa juzu'in ƙamus sukutum a Okusfod a 1975. Ba a samun gurbin jami'a a Najeriya sai da kiredit a Turanci, don haka tuntuɓe a nan yakan jawo wa yaro asarar shekara guda.

Abin da aka saba yi a aji shi ne malami ya cika allo da jeri, yara su kwafa su haddace. Wannan maƙala tana ganin an bar hanya mafi kusa, wato Hausar da yaron ya tashi da ita.

A ɗauki kalmar "ci". Manomin da ya kai masara kasuwar Funtuwa yakan ci riba ko ya ci bashi, dillali ya ci amanarsa, ɗansa ya ci jarrabawa, hakimi ya ci sarauta. Babu inda aka kai loma baki. Haka "sha": a sha wahala, a sha iska, a sha alwashi. Yaron da ya iya waɗannan tun yana bin iyayensa gona ya riga ya san cewa kalma biyu kan haɗu su haifi ma'ana ta uku. Abin da ya rage kawai a nuna masa cewa Bature ma haka yake yi.

Kamancin ya wuce nan. A 1960 masanin harshe F. W. Parsons ya kasa aikatan Hausa zuwa giredi bakwai, kuma aikin da ƙarshen kalma yake yi a Hausa shi ne sau da yawa ɗan rakiya yake yi a Turanci. Giredi na huɗu yana nuna an gama da abu ƙurmus: "ci" ya zama "cinye", "saya" ya zama "saye", daidai da "eat up" da "buy up". Giredi na shida yana jawo aiki wajen mai magana: "fita" da "fito" su ne "go out" da "come out". Giredi na biyar kuwa yana kore abu daga mai aikatawa, kamar "zubar" da "jefar", inda Turanci zai kawo "away" ko "out".

Za a iya cewa ba kowane haɗi ne zai shiga wannan ma'auni ba. Gaskiya ne. "Put up with", wato jurewa, da "call off", kamar janye yajin aiki, sai dai a koye su a cikin jimla. A nan ma jimlar da ta fito daga rayuwar yaro ta fi zama a kai: taki ya ƙare ana tsakiyar damina, "run out", motar auduga ta lalace a hanyar Malumfashi, "break down", an ɗage biki sai bayan kaka, "put off".

Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya amince a fara koyar da yaro da harshen uwa a shekarun farko na firamare. Hikimar wannan ba ta ƙare a firamare ba. Ya kamata malaman Turanci da na Hausa a makarantun kudancin Katsina su zauna tare su tsara wannan darasi, kwalejojin ilimi kuma su sa kwatanta nahawun harsunan biyu cikin horon da suke ba sababbin malamai.