Hayaƙi Mai Tsawa: Yadda Alƙalami Da Layin Dogo Suka Buɗe Matsirgar Biktoriya

A kan iyakar Zambiya da Zimbabwe akwai wani wuri inda kogin Zambezi, bayan ya shimfiɗe da faɗin da ya haura mita 1,700, yake rikitowa gaba ɗaya cikin wani rami mai zurfin mita 108. Feshin da ke tashi daga ramin yakan turnuƙe sama tamkar hayaƙin gobarar daji, ana hango shi daga nisan kilomita 50 idan ruwa ya cika a watan Afrilu. Wannan feshi ne ke komowa ƙasa yana yayyafi dare da rana a gaɓar da ke fuskantar matsirgar, shi ya sa wani kurmi mai duhu ya tsiro a wurin, da ɓaure da kanya da dangin kajinjiri, alhali ƙasar da ke kewaye saheli ce mai bushewa da rani. Mai ziyara yakan shiga kurmin rana na tsaka, ya fito sharkaf.

A littattafan makaranta an koya mana cewa David Livingstone ne ya gano wurin ranar 16 ga Nuwamba, 1855, kamar dai yadda aka koya mana cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara a 1796. To, amma mu tambaya: wa ya tuƙa kwalekwalen? Mutanen Sarki Sekeletu na Makololo ne suka rako shi, matuƙa na yankin suka ratsa da shi cikin igiyar ruwa har wani tsibiri da ke bakin ramin. Shi da kansa ya rubuta cewa ya tarar da wuraren da sarakunan yankin ke zuwa yin addu'o'insu na gargajiya. Ya shuka ƙwallayen 'ya'yan itace a tsibirin, ya sassaƙa haruffan sunansa a jikin bishiya, ya raɗa wa matsirgar sunan Sarauniyar Ingila. Da ya dawo a 1860, ya tarar dorinar ruwa ta tattake lambun.

Sunan da ya ji a bakin masu masaukinsa shi ne Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa. Sai dai shi ma wannan suna na baƙi ne, domin Makololo daga kudu suka zo da yaƙi a shekarun 1830, suka tarar da mutanen Tonga da Leya da nasu sunan, Shungu Namutitima. Mulkin Makololo ya rushe a 1864, sunan da suka sa bai bi su ba. Dalili kuwa shi ne ya riga ya shiga takarda.

Nan ne abin ya shafe mu, mu masu riƙon alƙalami. Livingstone bai ƙara wa Zambezi ko ɗigo ba, littafi ya rubuta. Labarin tafiye-tafiyensa da ya fito a Landan a 1857 ya samu kasuwa ƙwarai, kuma 'yan shafukan da ya siffanta matsirgar a cikinsu ne suka jawo mai zane Thomas Baines a 1862, da Emil Holub wanda ya zana taswirar wurin a 1875. Mutanen da ba su taɓa taka Afirka ba suka riƙa kwana da begen wurin.

Amma bege ba ya kai mutum. Shekara kusan 50 sai mafarauta da 'yan kasada ke isa, bayan watanni a keken shanu. Layin dogo ne ya sauya lissafin. Cecil Rhodes, mai burin haɗa Kef Tawun da Alƙahira da jirgin ƙasa, ya nemi a gina gada daidai inda feshin zai riƙa sauka a kan taragu, ya kuwa mutu a 1902 bai taɓa ganin wurin da idonsa ba. Jirgi ya iso a 1904, a shekarar aka kafa otal na katako da kwano. Ƙarafan gadar a Ingila aka ƙera su, aka sauke a tashar Beira ta Mozambik, aka buɗe ta a Satumbar 1905.

Su kuma masu ƙasa, wane rabo suka samu? Daga 1920 zuwa 1957, baƙin otal ɗin a kan wasu ƙananan kekuna na dogo suke zuwa kallon ruwa, 'yan Afirka ne ke tura su da hannu, hawa da gangara. Jikokin waɗanda suka nuna hanya sun koma 'yan turi da masu sayar da sassaƙe-sassaƙe a bakin ƙofa.

Siyasa ma ta ja nata. Zambiya ta samu 'yanci a 1964, gwamnatin tsirarun Turawa ta Rodeshiya ta rufe iyaka a 1973, yaƙin neman 'yanci ya kori masu yawon buɗe ido, har wani otal ya ƙone da makami a 1977. Sai bayan 1980 kasuwar ta farfaɗo. A 1989 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya da sunaye biyu a jere, na Makololo a gaba, na Sarauniya a baya.

Gunkin Livingstone da aka kafa a ɓangaren Zimbabwe a 1934 yana nan yana fuskantar ruwan, ba wanda ya tumɓuke shi. A 2005, da aka cika shekara 150 da zuwansa, an kafa masa wani sabo a ɓangaren Zambiya, inda babban garin yankin har yau yake amsa sunansa.